Ranar 12 ga Afrilu: daga kumbon Gagarin zuwa bakin rijiyar Mayahi

Ranar 12 ga watan Afrilu ba ranar hutu ba ce a Nijar. Ma'aikaci yana bironsa, ɗan kasuwa yana rumfarsa, kuma a Tasawa da Mayahi abin da ke gaban kowa shi ne zafin bazara, wanda kan kori mutum zuwa inuwa tun da hantsi. Watan Afrilu ma dai ya riga ya cika da ranakun da ƴan ƙasa ba su mantawa, kamar 15 ga wata na 1974 da soja suka kifar da gwamnatin Diori Hamani, da 24 ga wata na 1995 da aka sa hannu kan yarjejeniyar sulhu da ƴan tawaye. Amma a Rasha, 12 ga Afrilu babbar rana ce, ranar ƴan sama jannati. Ma'aikatan da suka yi karatu a Mosko ko Kiyef zamanin Tarayyar Sobiyet sun san ta, don sun ga yadda yaran lakwal kan kai furanni gindin gumakan waɗanda suka hau sama.

Asalin ranar kuwa shi ne tafiyar Yuri Gagarin. A ranar 12 ga Afrilu 1961 wannan saurayi ɗan shekara 27 ya shiga kumbo mai suna Vostok 1 a filin Baikonur na Kazakistan, ya zagaya duniya sau ɗaya, ya sauko cikin minti 108. Nisan da ya yi da ƙasa ya kai kilomita 327, watau kimanin rabin hanyar Maraɗi zuwa Yamai, sai dai a tsaye. Ɗan ƙauye ne, ubansa kafinta, uwarsa mai tatsar shanu a gonar gwamnati. Da ya diro da laima a wata gona kusa da kogin Volga, waɗanda suka fara ganinsa wata manomiya ce da jikanyarta suna aikin dankalin turawa, kuma tsoro ya kama su, don ba su taɓa ganin mutum da irin wannan shiga ba. Gwamnatin Sobiyet ta mai da ranar ta biki tun 1962, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta karɓe ta a 2011 a matsayin ranar duniya ta tafiyar ɗan Adam sararin samaniya.

To, ina ruwan mutumin Kanambakashe ko na Korgom da wannan labari? Akwai ruwansa, kuma ta hanya biyu.

Hanya ta farko ita ce, sati shida kafin Gagarin ya tashi, a ranar 1 ga Maris 1961, shugaban Amurka John Kennedy ya sa hannu kan takardar da ta kafa ƙungiyar ƴan sa kai da aka sani a nan da sunan Corps de la Paix. Kumbon da ƙungiyar ƴan uwa ɗaya ne: gasar da Amurka da Sobiyet ke yi don jan hankalin ƙasashen da suka samu mulkin kai. Ɗaya ta nuna ƙarfinta a sama, ɗaya ta aika samarinta da ƴan matanta ƙauyuka. Ayarin farko ya sauka Nijar a 1962, mutum bakwai masu koyar da Ingilishi. Daga nan har zuwa 2011 sama da mutum dubu uku suka yi aiki a ƙasar, kuma jihar Maraɗi ta samu kasonta. Faransa ma ta kafa tata ƙungiyar, Volontaires du Progrès, a 1963, daga baya ƴan Japan suka biyo.

Ƙasar Tasawa ba yau ta fara ganin anasara ba. Bajamushe Heinrich Barth ya ratsa ta a watan Janairu 1851 yana amsa sunan Abdulkarim, kan hanyarsa ta zuwa Katsina da Kano. A 1899 kuma ayarin Voulet da Chanoine ya zo da wuta da jini, har ajalin su biyun ya same su a wajen Maijirgi cikin watan Yuli. Ɗan sa kai dai baƙo ne na wani iri daban. Bai zo wucewa ba, bai zo da bindiga ba, ya zo ne ya zauna shekara biyu a garin da ko mushen lakwal ba ya son a kai shi.

Ga yadda zaman yake. Bayan ƴan watanni na koyon harshe da al'ada, wanda a shekarun baya-baya ake yi a Hamdallaye kusa da Yamai, sai mota ta kawo mutum ƙofar maigari da akwatinsa da gidan sauronsa da tukunyar tace ruwa, ta juya ta bar shi. Gari ya riga ya tanadi ɗakin ƙasa ko bukka, an zagaye da darni, an haƙa masai. Ranar nan za a raɗa masa suna, don ba mai iya wahalar da harshensa da sunan Amurka: wannan ya zama Sani, waccan ta zama Hadiza, kuma da wannan suna za a riƙa tambayar labarinsu shekara ashirin bayan sun tafi.

Kiran sallar asuba da luguden mata su ne agogonsa. Da gari ya waye sai zagayen gaisuwa, wanda shi ne darasi mafi wuya ga mutumin da ya taso inda ake wuce maƙwabci da ɗaga hannu kawai. Ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina yara, ina zafi, kowace tambaya da amsarta, kuma wanda ya tsallake ƙofar wani tsoho ya ja wa kansa magana har sati. Kalmar da ya fi ji a watanninsa na farko ita ce "sai hanƙuri". Idan motar kasuwa ba ta zo ba, sai hanƙuri. Idan ya kira taro ƙarfe tara mutane suka zo bayan azahar, sai hanƙuri. Idan ciki ya ɓaci, kuma ba wanda cikinsa bai ɓaci ba, sai hanƙuri.

Ruwa shi ne babban al'amari. A arewacin Mayahi akwai rijiyoyin da zurfinsu ya haura gaba ashirin, inda sai an ɗaura igiya ga sa ko raƙumi ya ja wasaki, ko mata uku su haɗa hannu kan guga ɗaya. Baƙon da ya ce zai ja da kansa ya kan yi kwana biyu tafinsa ya saɓule, daga nan ya koma biyan wata maƙwabciya ta riƙa kawo masa tulu biyu kullum. Nan yake gane cewa wankan da yake yi a garinsu da safe ɗaya ya fi ruwan da gida guda ke sha a yini. Abinci kuwa fura da rana, tuwon hatsi da miyar kuka da dare, ƙosai ko kwaɗon zogale idan an dace. Ranar kasuwa sai ya hau amalanke ko ya taka sayyada, ya je ya sayo albasa da tumatirin gwangwani da batir na rediyo, ya tsaya yana kallon masu tabarmi da igiyoyin kaba da Gulbin Kaba ya yi suna da su. Kafin zuwan salula, wasiƙar gida kan yi makonni a hanya, kuma sai ya je Maraɗi zai same ta.

Mace ƴar sa kai tana da nata zaman na musamman. Takan ɗaura zane da kallabi kamar kowa, ta zauna cikin mata wajen sussuka da daka, amma idan an yi taro a ƙofar maigari a ba ta kujera cikin maza. Tambayar da ba ta ƙarewa ita ce ina mijinta, kuma me ya sa uwayenta suka bar ta ta yi nisa haka ba aure. Tsofaffin mata kan ji tausayinta da gaske. A ganinsu yarinyar da aka turo duniya ita kaɗai, ba uwa ba miji, marainiya ce ko da kuɗi na fita daga jakarta.

Aikin fa? A nan ya kamata a faɗi gaskiya. Da yawansu yara ne da suka fito jami'a jiya, ba su taɓa riƙe hauya ba, aka ce su koya wa manomin da ya gaji gona tun kaka da kakanni yadda ake noma. Manomin ne ya koya musu. An yi lambuna da suka mutu ranar da mai su ya hau mota, an yi gandun itatuwa da awaki suka cinye, an yi bankunan cimaka da suka watse kan rigimar maɓalli. An kuma yi ta raɗe-raɗin cewa ƴan leƙen asiri ne, don mutane ba su ga dalilin da zai sa ɗan masu kuɗi ya bar lantarki ya zo ya kwana kan tabarma ba. Amma akwai abin da ya tsaya. Awon yara da koya wa uwaye kunu mai gina jiki ya ceci rayuka. Yaƙin kurkunu, wanda ƴan sa kai suka sa hannu cikinsa tare da ma'aikatan lafiya na ƙasa, suna bin gari gari da ƙyallen tace ruwa, ya kai ga Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida a 2013 cewa Nijar ta rabu da wannan cuta. Babban abin da suka fi mai zuwa da mota da safe ya koma da la'asar shi ne suna nan da dare, suna nan ranar suna da ranar biso, sun san gidan da ba a hura wuta ba jiya.

Da dare ne kuma hira kan kai ga sama. A watan Afrilu ba mai iya kwana cikin ɗaki, kowa na waje, kuma a garin da ba lantarki taurari kan sauko kamar a miƙa hannu a ɗebo. Manomin Mayahi ba baƙo ba ne a wannan fage. Ya san Zara matar wata, ya san Gamzaki mai fitowa da asuba, ya san Kaza da ƴaƴanta, kuma ya san idan Kaza ta fara faɗuwa yamma da wuri to damina ta kusa. Yana da lissafin watanninsa na noma, wanda ya haifi karin maganar nan: watan bakwai maƙarar rani, ko ba ruwa akwai alama. Sai ga wani ɗan haske yana tafiya a hankali tsakanin taurari, ba ya ƙyaftawa kamar jirgi. Idan baƙo ya ce wannan ƙarfe ne da mutane suka harba, yara su yarda nan take. Idan ya ƙara da cewa mutanen ƙasarsu sun taka wata a ranar 20 ga Yuli 1969, a nan dattawa kan yi murmushi su ce anasara ya fara. Watan da ake tsayawa nema a bayan gari kafin a ɗauki azumi, shi ne wani zai ce ya sa masa takalmi? Wannan gardama ba ta ƙarewa, shayi dai ke ƙarewa.

Abin da dattawan ba su cika sani ba shi ne, ƙasar Hausa tana cikin labarin tun farkonsa. Lokacin da Amurka ke shirin bin sawun Gagarin, ta kafa tashoshin sauraren kumbo kewaye da duniya, kuma ɗaya daga cikinsu a Kano take, garin da fataken Tasawa ke zuwa da ƙafa. Da John Glenn ya zagaya duniya sau uku a ranar 20 ga Fabrairu 1962, tashar Kano na cikin waɗanda suka bi tafiyarsa.

Wannan ya kawo hanya ta biyu da sama ta shafi mutumin Korgom, kuma ita ta fi nauyi ga ɗan kasuwa da ma'aikaci. Bayan fari da yunwar farkon shekarun 1970, ƙasashen Sahel suka kafa ƙungiyar CILSS a 1973, sannan cibiyar AGRHYMET a Yamai a 1974, wadda aikinta bin labarin ruwan sama da amfanin gona. Taurarin ɗan Adam irin su Landsat, wanda aka fara harbawa a 1972, da Meteosat na Turai, a 1977, suka zama idanunta. Daga can ake ganin inda hadari ya haɗu, inda ciyawa ta tsiro, inda fara za ta iya yin ƙwai. Hasashen damina da ake karantawa a rediyo, wanda mai sayen hatsi a Maraɗi ke kasa kunne gare shi kafin ya yanke shawarar buɗe sito ko rufe shi, jikan tafiyar Gagarin ne.

Sai dai ido daban, hannu daban. A 2004 ruwa ya ɗauke da wuri, fara ta sauka, kuma duk an gani daga sama. Amma a 2005 jihar Maraɗi ce ta cika da cibiyoyin jinyar yara masu tamowa, buhun hatsi ya haura jika ashirin, ga hatsi a kasuwa ga mutane ba abin saye. Hoton da aka ɗauko daga sama ya nuna launin gona, bai nuna cewa mai gonar ya riga ya ci amfaninta bashi tun tana tsaye ba, bai nuna rumbun da maigida ya kulle ya tafi cin rani Najeriya ba. Wannan labari sai wanda ke zaune cikin gari.

Labarin itatuwa ya fi daɗin ji, amma darasinsa bai bambanta ba. Shekara da shekaru rahotanni na cewa hamada na cinye Nijar. Sai a tsakiyar shekarun 2000 masu bincike, cikinsu har da Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka da Chris Reij ɗan Holan, suka gwama hotunan jirgin sama na 1975 da sababbin hotunan tauraron ɗan Adam, suka ga abin da ya ba su mamaki: gonakin Maraɗi da Damagaram sun fi da itatuwa nesa ba kusa ba. Ƙiyasin da suka bayar shi ne hekta kimanin miliyan biyar da itatuwa kusan miliyan ɗari biyu. Ba gwamnati ta dasa su ba, ba kuma wani babban aiki mai motoci. Manoma ne suka daina tumɓuke kututture wajen sharar gona, suka riƙa barin tohon gawo da kalgo da sabara, suna zaɓen reshe biyu ko uku su raina. Shi ne sassaben zamani. Wani masanin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki da mishan a Maraɗi, ya fara yaɗa dabarar a 1983, amma abin da ya ba ta ƙafa shi ne lokacin da manomi ya tabbata cewa icen da ya raina a gonarsa nasa ne, ma'aikacin gandun daji ba zai ci shi tara don ya sare reshe ba. Shekara ashirin ana wannan aiki gona gona, daga Agye har Mayahi da Tasawa, kafin manyan biranen duniya su ji labari. Tauraron ya zo ya yi shaida ne kawai.

Ƴan sa kan Amurka sun bar Nijar a watan Janairu 2011, bayan da aka sace Faransawa biyu a wani gidan abinci a Yamai ranar 7 ga wata, aka kuma kashe su. Cikin ƴan kwanaki aka kwashe duka mutum 98, wasu ba su samu ko yin ban kwana da garuruwansu ba. Wata uku bayan haka duniya ta yi bikin cika shekara hamsin da tafiyar Gagarin. A ƙauyuka da dama ɗakin anasara ya koma wurin ajiyar harawa. Tafiyar tasu ta kuma tuna wa kowa bambancin da ke akwai tun farko: baƙo yana da jirgin da zai ɗauke shi idan abu ya ɓaci, mai gari ba ya da shi.

Tambayar da ta rage ta ƴan ƙasa ce. Aikin sa kai ba anasara ya kawo shi ba. Gayya ta girmi Kennedy, Samariya ta gina azuzuwa zamanin Seyni Kountché, kuma asusun Mata Masu Dubara da aka fara a jihar Maraɗi a 1991 ya bazu har ƙasashen da ba su taɓa jin Hausa ba. Amma kalmar ta sha wahala a hannun hukuma. Da aka fara ɗaukar malaman lakwal da sunan ƴan sa kai a 1998, ma'anarta ta koma mai aikin cikakken malami da guntun albashi. Ba abin mamaki ba ne idan wanda aka tura wani ƙauye bayan Gidan Amumun ya kwana uku can ya kwana huɗu birni, ko ya shiga bin manya don a maido shi bakin kwalta. Ba a tanadar masa ɗaki ba, ba a tanadar masa magani ba, albashin ma sai ya yi tafiyar yini kafin ya taɓa shi. Ɗan sa kan Amurka ya iya zama ne don akwai hukumar da ta koya masa harshe, ta san inda yake kwana, take aiko likita idan ya kwanta. Ɗan ƙasa, wanda ba ya bukatar a koya masa ina kwana, bai samu ko rabin wannan kulawa ba.

A watan Satumba 2024, a Bamako, Nijar da Mali da Burkina Faso suka ƙulla yarjejeniya da kamfanin Glavkosmos na Rasha kan taurarin ɗan Adam na sadarwa da na sa ido kan ƙasa, a 2025 kuma Starlink ya fara aiki a Nijar. Idanu a sama za su ƙaru ke nan. Amma alƙaluman ruwan sama da Muryar Sahel kan karanta da damina, milimita kaza a Mayahi, milimita kaza a Urafan, ba daga kumbo suke fitowa ba. Wani ne ya kwana a garin, ya tashi da safe ya je wurin ma'auni, ya duba ruwan da ya taru, ya rubuta a littafi, ya aika Maraɗi.